Takun da Ake Gada da Wanda Ke Tafiya da Mai Shi

Duk wanda ya shiga wurin koyon damben boksin, a Kaduna ne ko Yamai ko Landan, darasin farko iri ɗaya zai tarar, kuma ba naushi ba ne. Za a tsayar da shi ƙafar hagu a gaba, ta dama a baya, tazararsu kamar faɗin kafaɗa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, dunduniyar baya a ɗage. In gaba za ka yi, ƙafar gaba ce ke fara tashi, ta baya ta biyo. In baya za ka yi, ta baya ce ke farawa. Kada ka harɗe ƙafa, kada ka haɗe su wuri guda, kada ka ja da baya a miƙe naushi yana biye da kai. Sai yaro ya koma gida ya buɗe wayarsa, ya ga Muhammad Ali yana taka waɗannan dokoki ɗaya bayan ɗaya, hannu a zube, haɓa a sama, duniya kuma tana yi masa tafi. Dole ya tambayi kansa wa zai bi, kocin unguwarsu ko zakaran duniya.

Tambayar ba ta raini ba ce, kuma ba na jin daɗi in ga mai horarwa ya amsa ta da tsawa. Wannan tsayuwa da ake koya wa yara ba da ita aka haifi dambe ba. Mutane ne suka haɗa ta kashi-kashi, kuma kusan duk wanda ya kawo wani kashi nata sai da aka zarge shi da ɓata wasa a zamaninsa. Wanda ya bi tarihin sana'ar zai ga bauɗaɗɗen taku iri biyu ne. Akwai wanda ya shiga hannun kowa har aka manta wanda ya fara shi, akwai kuma wanda ya tafi da mai shi ranar da ƙafarsa ta yi nauyi.

A Ingila ta ƙarni na 18 babu safar hannu, babu ƙararrawa. Dokokin da Jack Broughton ya rubuta a 1743 sun ce turmi yana ƙarewa ne idan mutum ya kai ƙasa, sai a ba shi rabin minti ya dawo tsakiyar fage, inda aka zana murabba'i da alli, ya fuskanci abokin karawarsa. An yarda a rungumi mutum daga ƙugu zuwa sama a fyaɗa shi da ƙasa. Wanda ya san za a iya cafke shi a kayar ba zai yi ta tsalle a kan 'yan yatsu ba. Kafewa zai yi, ya buɗe ƙafa, ya mayar da nauyinsa baya, kuma mazantaka a wurinsu ita ce ka tsaya ka ba da naka ka karɓi rabonka. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba. Ɗan damben gargajiya ma ƙafa a buɗe yake tsayawa, jiki a rusune, hannu ɗaya a miƙe yana auna tazara, wanda aka naɗe da kara yana can baya yana jiran ƙofa, domin a dambenmu da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa. Doka da ƙasar da ake takawa su ke tsara wa ƙafa aikinta, a Landan ko a Gusau.

Cikin wannan hali Daniel Mendoza ya taso, Bayahude ɗan gabashin Landan, haifaffen 1764. Nauyinsa bai wuce kimanin kilo 72 ba, a zamanin da ba a raba 'yan dambe aji-aji. In ya tsaya aka yi ba-ni-in-ba-ka da ƙattai, ya san yadda za ta ƙare. Sai ya riƙa gocewa gefe, yana tare naushi da hannu, yana barin mutum ya kai wa iska duka sannan ya mayar masa da martani. Masu kallo da yawa suka ce ragwantaka ce. Ya kara da Richard Humphries sau uku tsakanin 1788 da 1790, ya sha kashi a karon farko, ya ci biyun da suka biyo, daga 1792 zuwa 1795 kuma shi ne zakaran Ingila. Abin da ya fi ɗaukar hankalina game da shi shi ne ya buɗe makaranta, ya kuma wallafa littafin koyar da dambe a 1789. Ya ɗauki abin da jikinsa ya gano ya mayar da shi darasin da ɗan kowa zai iya koya. Ranar da ya rasa kambun ma ba a taku aka fi shi ba. John Jackson ne ya damƙe dogon gashinsa da hannu ɗaya ya yi ta jibgarsa da ɗayan, dokar lokacin kuwa ba ta hana haka ba.

Duk da haka ba gwanintar mutum ɗaya ce ta saki ƙafar ɗan dambe ba, sabuwar doka ce. Ƙa'idojin da John Graham Chambers ya tsara, aka buga su a 1867 da sunan basaraken nan Queensberry, sun kawo safar hannu, turmin minti uku da hutun minti ɗaya, ƙirga goma ga wanda ya faɗi, sannan suka haramta kokawa. A hankali aka bar ciyawa da takalma masu ƙusa, aka hau dandamalin katako mai shimfiɗa. Tunda ba mai rungumar ka ya kayar, kana iya miƙewa ka zagaya.

Ranar 7 ga Satumba 1892, a birnin New Orleans, aka ga abin da wannan ke nufi. John L. Sullivan ƙato ne mai kilo 96, wanda shekara uku kafin nan ya yi turmi 75 da Jake Kilrain ba safar hannu, cikin ƙwallelliyar rana. James Corbett kuwa kilo 81 gare shi, tsohon ma'aikacin banki a San Francisco, wanda ya koyi dambe a kulob ɗin 'yan dagaji a hannun wani malami Ba'ingile mai suna Walter Watson. A turmin farko Corbett bai tsaya ba, zillewa kawai yake yi, Sullivan na bin sa yana kai duka ba ya samu, 'yan kallo suna yi wa Corbett ihu cewa ya tsaya ya yi dambe. A turmi na uku ya fasa wa Sullivan hanci. Daga nan ya yi ta tsikarar sa da miƙaƙƙen hagu yana zagayawa, har ƙaton ya galabaita, a turmi na 21 ya kwantar da shi aka ƙirga goma. Abin da aka yi wa ihu a daren shi ne darasin farko na yau. Ya yaɗu ne domin ba ya bukatar wata baiwa ta daban. Mai matsakaicin sauri ma zai iya, in ya nace, kuma a kowane mataki ƙafafunsa biyu suna ƙarƙashinsa, yana iya duka, yana iya karewa.

Bayan shekara biyar Bob Fitzsimmons ya ƙwace kambun daga hannun Corbett a Carson City da wata dabara tasa: ya tako da ƙafar dama gaba, ya koma bahago na ɗan lokaci, ya narka masa hagu a bakin ciki a turmi na 14. Har gobe ana amfani da wannan sauyin ƙafa, amma bai taɓa zama darasin farko ba, domin a tsakiyar takun mutum a kan ƙafa ɗaya yake, ko ɗan naushi kaɗan ya same shi zai tafi.

Rabin farko na ƙarni na 20 cike yake da gwanaye, kowa da irin takunsa. Joe Louis jan ƙafa kawai yake yi, taƙi kaɗan-kaɗan, yadda Jack Blackburn ya hore shi, ba abin sha'awa ga mai kallo, amma da wuya ka ga hotonsa ba a daidai yake tsaye ba, kuma da wannan ya riƙe kambun masu nauyi daga 1937 zuwa 1949, ya kare shi sau 25. Jersey Joe Walcott yakan juya kamar zai yi tafiyarsa, in ka biyo shi ya tare ka da hagu. Sai da ya shekara fiye da 20 a sana'ar, a gwaji na biyar, yana ɗan shekara 37, sannan dabarar ta kawo masa kambu a 1951. Sugar Ray Robinson gwanin rawa ne na gaske, har ya ajiye dambe a 1952 ya koma rawa a dandamali kafin ya dawo. Shi ne wanda wani yaro a Louisville, wato Ali, ya ɗauka abin koyi. Wannan ya isa ya nuna kwaikwayo ba laifi ba ne a dambe, tunda Ali kansa da kwaikwayo ya fara.

A kan Ali nake so in daɗe, domin shi muke ƙauna, shi iyayenmu suka bi labarinsa a rediyo, hotonsa ne na taso ina gani a shagunan aski, kuma shi ne ya fi kowa ruɗar masu koyo. Ya fara dambe a 1954 yana ɗan shekara 12, a hannun wani ɗan sanda, Joe Martin, yana kuma zuwa wurin Fred Stoner neman ƙarin ilimi. Shekara shida ya yi a ajin 'yan dagaji kafin ya ci zinare a gasar Olamfik ta Roma a 1960. Da ya zama ƙwararre aka kai shi wurin Archie Moore, tsohon gwani, wanda ya so ya sauya masa salo, amma zaman bai ɗore ba. Angelo Dundee ne ya duba ya ga yaron mai tsawon santimita 191 yana da idon da ke hango naushi tun daga kafaɗa, da ƙafar da ba a taɓa gani ba a ajin masu nauyi, sai ya bar shi da abinsa. Ali yakan sauke hannu, ya ja kai baya a miƙe, naushi ya wuce gaban hancinsa da ɗan kaɗan. A littafin kowane koci wannan kuskure ne, domin naushi mai zuwa ya fi mai ja da baya sauri. A wurin Ali kaɗai lissafin ya juye.

Ko a lokacin ƙuruciyar ma bai sha da daɗi kullum ba. Sonny Banks ya kai shi ƙasa a 1962, Henry Cooper ya sake kai shi a Wembley a 1963, dukansu da lanƙwasasshen hagu mai zuwa ta gefe, wanda hannun dama a sama zai iya tarewa. Shahararriyar rawar nan tasa, wadda yake wutsil-wutsil da ƙafafu gaba da baya cikin ƙiftawa da bisimilla, ya fito da ita ne a Houston ranar 14 ga Nuwamba 1966, a karawarsa da Cleveland Williams. Duk wanda ya kalli fim ɗin a tsanake zai lura rawar ba ta kai shi ko'ina. Ba ta kusantar da shi, ba ta nesanta shi, ba ta ƙara wa naushi ƙarfi. Ado ce, da ɗauke hankalin abokin karawa, kuma a gaban mutumin da ya riga ya fi ƙarfinsa yake yin ta.

Sai aka hana shi dambe saboda ya ƙi shiga soja a yaƙin Biyetnam. Daga Maris 1967 zuwa Oktoba 1970 bai hau dandamali ba, da ya dawo kuma ƙafar ba ta iya rawar turmi 15. Ramukan da sauri ke rufewa duk suka bayyana. Joe Frazier ya kai shi ƙasa a turmi na 15 ranar 8 ga Maris 1971, da irin hagun nan dai. Ken Norton ya karya masa muƙamuƙi a 1973. A bayan mutanen biyu akwai Eddie Futch, mai horarwa da ya zauna ya karanci inda hannun daman Ali ke barin wurinsa. A Kinshasa, ranar 30 ga Oktoba 1974, Ali ya gwada rawa a turmin farko, ya ga George Foreman yana tare masa hanya da taku kaɗan yayin da shi yake yin da yawa, sai ya jingina da igiya ya bar jikinsa ya sha duka har Foreman ya gaji, ya gama da shi a turmi na takwas. Nasara ce da ba za a manta ba, amma da haƙarƙari da haɓa da zuciya aka saye ta. Daga nan har ya ajiye a 1981, ya sha naushin da bai taɓa sha ba a ƙuruciyarsa. Yaron da ke kallon bidiyon minti biyu na 1966 ba ya ganin wannan ɓangaren.

Akwai wani filin horo da nakan je kallo da yamma, daɓen siminti ne a ƙarƙashin rumfar kwano, buhunan naushi biyu a rataye, igiyar da aka zagaye fagen da ita irin ta ɗaure kaya ce. Mai horarwar dattijo ne, tsohon soja, yara suna ce masa Baba. Cikin yaran akwai wani siriri, mai saurin hannu da kyan ido, wanda kowa ya yarda ya fi sa'o'insa. Ana cikin gwaji da wani yaro mai jiki, mai nawa, sai siririn ya sauke hannu ya fara rawar Ali. Sauran yara suka ɗauki shewa. A daidai lokacin da ƙafafunsa suka haɗu wuri ɗaya, mai jikin ya miƙa dama, ba ma da wani ƙarfi ba, ta same shi a ƙirji zuwa haɓa. Ya yi zaman 'yan bori, ƙeyarsa ta bugi siminti. Ƙarar ce ta tsayar da kowa. Baba ya durƙusa ya tallafi kansa, ya hana a ɗaga shi da sauri, ya tambaye shi sunansa da ranar da ake ciki. Da yaron ya dawo hayyacinsa aka zaunar da shi a benci, sai dattijon ya ce, "Ɗana, wa ya aike ka?" Ya ce, "Baba, Ali na yi." Dattijon ya ce, "Ali ya shekara 12 yana dambe kafin ya yi wannan a gaban mutane. Kai yaushe ka zo? Kuma shi in ya faɗi a kan shimfiɗa zai faɗi, likita na zaune a gefe." Ya hana shi gwaji na wasu makonni. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne naushin ba wani naushi ba ne. Da ƙafafun yaron suna inda ya kamata, ko girgiza ba zai yi ba. Zanen aro ba ya rufe katara.

Roy Jones ya sake maimaita labarin Ali a gaban idonmu. Mahaifinsa ya hore shi tun yana ƙarami a Pensacola, kuma ya kai matsayin da a 2002 ya mayar da hannayensa biyu baya a jikin igiya, ya goce wa naushin Glen Kelly da kai kawai, ya kwantar da shi da dama ɗaya. A 2003 ya hau har ajin masu nauyi ya ci John Ruiz. A 2004, yana ɗan shekara 35, saurin ya ragu da ɗan abin da ido ba ya gani, sai Antonio Tarver ya yi masa bugun kwaf ɗaya a turmi na biyu, bayan wata huɗu Glen Johnson ya sake yi masa a na tara.

To shin bauɗaɗɗen taku ba ya koyuwa ke nan? Yana koyuwa, kuma hujjar tana Sheffield, garin ƙera ƙarfe a arewacin Ingila. Brendan Ingle, ɗan Dublin da ya zo neman aiki, ya buɗe wurin horo a wani tsohon zauren coci a unguwar Wincobank. Ya zana layuka da da'irori a daɓen da fenti. Yaro in ya zo, layukan nan zai yi ta bi, gaba da baya, yana sauya ƙafa daga dama zuwa hagu, yana juyi, yau da gobe da jibi, kafin a bar shi ya fuskanci kowa. A gwaji kuma yawanci jiki ake duka, ba kai ba, don yara su saba da motsi ba tare da ƙwaƙwalwarsu ta biya kuɗin makaranta ba. Daga wannan zaure Herol Graham ya fito, wanda yakan mayar da hannu baya ya ce duk mai iyawa ya zo ya taɓa fuskarsa. Daga nan Naseem Hamed ya fito, ɗan mutanen Yaman, wanda ya fara bin layukan yana ɗan shekara bakwai, ya ci kambun duniya a Cardiff a 1995 yana da shekara 21.

Amma wanda ya fi zama hujja a wurina shi ne Johnny Nelson. A ajin 'yan dagaji ya yi wasa 13, uku kacal ya ci. Da ya zama ƙwararre ya faɗi wasanni ukun farko a jere. Ba wanda zai ce baiwa ce ta ɗauke shi. Ya zauna a kan layukan Ingle shekara da shekaru, a 1999 ya zama zakaran duniya, ya kare kambun sau 13 har ya ajiye ba a ƙwace ba. Abin da ake gani kamar wasa da son rai a takun 'yan Sheffield, ashe manhaja ce mai tsari, wadda ta fi ta sauran wurare tsanani.

Su ma ba su tsira daga haɗarin ba. Graham yana kan gaba a karawarsa da Julian Jackson a Sifaniya a 1990, har ana shirin tsayar da wasan saboda idon Jackson ya kumbura, sai dama ɗaya ta same shi hannu a ƙasa a turmi na huɗu, ya suma tun kafin ya kai ƙasa. Hamed ya kai ƙasa sau uku kafin ya ci Kevin Kelley a New York a 1997. Ya rabu da Ingle a shekarar da ta biyo, ya ƙara dogara da ƙarfin naushinsa. A Afrilu 2001, a Las Vegas, Marco Antonio Barrera na Meziko ya zo masa da dambe irin na darasin farko: hannu a sama, miƙaƙƙen hagu, zagayawa nesa da hannun da Hamed ke kisa da shi, da haƙurin jira. Duk lokacin da Hamed ya yi tsalle ya kai duka ya rasa, sai ya sauka a karkace, Barrera na nan tsaye daidai yana jiransa. Turmi 12 aka yi, alƙalai uku duk suka ba Barrera. Wannan ce kaɗai faɗuwar Hamed a wasa 37, kuma wasa ɗaya ya ƙara ya bar sana'ar.

Yaran yanzu Vasiliy Lomachenko na Yukren suka fi kallo, kuma a nan ina goyon bayansu, in za su kalla da kyau. Mahaifinsa Anatoly ya sa shi rawar gargajiya ta ƙasarsu shekara huɗu yana yaro don ƙafarsa ta goge. Ya yi wasa 397 a ajin 'yan dagaji, sau ɗaya aka ci shi, ya ɗauki zinare a Olamfik na 2008 da na 2012. Yadda yake ɓacewa daga gaban mutum ya bayyana a gefensa kamar siddabaru ne, har abokan karawa huɗu a jere suka ce sun haƙura tsakanin 2016 da 2017. Amma a rage gudun bidiyon a gani. Yana sa ƙafar gaba a wajen ƙafar abokin karawa, ya juya a kanta, ta baya ta biyo, hannu na sama. Darasin farko ne, an maimaita shi har ya zama jini da tsoka. Wannan irin takun Mendoza da Corbett ne, wanda ake gada.

Akwai kuma abin da masu kwaikwayo ke mantawa: ɗan dagaji ba wasan ƙwararru yake yi ba. Turmi uku ne na minti uku-uku, a gasa kuma yana iya hawa sau da yawa cikin 'yan kwanaki. Ƙwararre mai turmi 12 yana da sararin ɓata biyu yana wasa da hankalin abokin karawa, amma mai minti tara in ya ɓata uku yana rawa ya ba da kashi ɗaya cikin uku na wasansa kyauta. Dokar ba da maki ma ta sha sauya takun 'yan dagaji. Bayan abin kunyar Olamfik na Seoul a 1988, inda Roy Jones ya sami abokin karawarsa sau 86, shi aka same shi sau 32, amma aka ba wancan zinare, an kawo kwamfuta a Olamfik na 1992, alƙalai biyar suna danna maɓalli, sai uku sun danna cikin daƙiƙa ɗaya maki ya shiga. Nan take dambe ya koma taɓa-ka-gudu. A 2013 aka soke tsarin, aka kuma cire wa manyan maza hular kariya, taku ya sake sauyawa. Wanda zai ari salo daga wani zamani sai ya fara tambayar wace doka ce ta haife shi.

Saboda haka in yaro ya tambaye ni, ba zan ce masa kada ya kwaikwayi manya ba. Zan ce ya ɗauki juyin Lomachenko, ya ɗauki zagayen Ali da miƙaƙƙen hagunsa da gudun asubarsa, ya sa kocinsa ya zana masa layukan Ingle, tunda alli da daɓe ba su fi ƙarfin kowa ba. Sauke hannu, da ja da baya a miƙe, da haɗe ƙafa don a yi shewa, waɗannan ya bar wa masu su. Ma'aunin mai sauƙi ne: a dakatar da shi a kowane gaɓa na takun, a ɗan ture shi a kafaɗa. In ya yi tangaɗi, takun bai zama nasa ba tukuna.

Ina kuma so yaranmu su san suna da nasu magabatan a wannan sana'a. Lambar Olamfik ta farko da Najeriya ta samu a dambe ce, tagullar Nojim Maiyegun a Tokyo a 1964, haka ta farkon Nijar, tagullar Issaka Daboré a Munich a 1972. Hogan Bassey, wanda ya ci kambun duniya a Faris a 1957, gida ya dawo ya koma horar da 'yan dagaji. Dick Tiger kuwa shi ne kishiyar Ali a taku: gajere, ƙafa a kafe, gwiwa a lanƙwashe, yana matsowa kaɗan-kaɗan. Ya faɗi wasanninsa huɗu na farko a Ingila, ya gyara, ya ci Gene Fullmer a 1962 ya zama zakaran duniya na matsakaita nauyi, ya sake lallasa shi a filin wasa na Liberty da ke Ibadan a Agusta 1963. Tsayayyar ƙafa ita ma tana da nata farashin, domin a Disamba na wannan shekarar Joey Giardello ya yi ta zagaye shi turmi 15 a Atlantic City ya tafi da kambun. Tiger bai koma koyon rawa ba. Ya jira kusan shekara biyu, da suka sake haɗuwa a New York a Oktoba 1965 ya matsa masa tun daga turmin farko, ya hana shi sararin zagayawa, ya karɓo kambunsa yana ɗan shekara 36. A Disamba 1966 ya hau aji na gaba ya ƙwace na José Torres.